Mu Da Muka Baro Kano

A Hawandawaki, in ka ji mutum yana zagin Kano da zafi, yana jero sunayen unguwanni ɗaya bayan ɗaya, to ya sha ruwanta, wataƙila ma shi ya turo ruwan a kura. Wanda bai taɓa wuce Daura ba sha'awar Kano yake yi. Mu da muka dawo mu ne masu bakin. Ƙorafinmu uku ne, kullum kuma su ne: tsada, cunkoso, siyasa. Ina cikin masu yi, ban kuwa taɓa ƙara gishiri ba. Sai dai akwai sauran zance da ba a kawowa majalisa. Shi zan ba ka, ka riƙe mini.

Yunwa ce ta kai ni. Damanar 2004 ta ɗauke da wuri, fara ta sauka a arewacinmu, kafin ruwan 2005 ya zauna rumbunan ƙasar Maraɗi sun ƙare. Buhun hatsi ya doshi jikka 30 ta sefa. A gidanmu Inna tafasa take dafawa da ganyen jiga, ta barbaɗa ɗan ƙuli-ƙuli in an samu, mu ci mu kora da ruwa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne hatsi yana nan a kasuwa, buhu kan buhu, motoci suna lodi suna yin kudu da shi. Kawu ya nuna mini motocin da baki, ya ce, "Ka ga inda abincin ke tafiya? To bin sa za mu yi."

Iyaka ba ta tsayar da mu ba. Gona ce ta ƙare wata ta fara, gero iri ɗaya, sallama iri ɗaya. Muka hau mota a Daura, muka bi Kazaure da Dambatta, muka shiga Kano bayan isha'i. Hancina ne ya fara sanin birnin: hayaƙin acaɓa, ruwan kwata, man suya. Sai ƙara, wadda ba ka san inda ta faro ba balle inda za ta tsaya. Na damƙe gefen rigar Kawu ban sake ba har muka sauka a Gama, cikin Birget, a wani shago da 'yan garinmu suka kama haya.

Shagon ba shi da taga. Da dare a shimfiɗa kwalaye a kwanta kai da ƙafa, wanda ya fita fitsari ya dawo ya tarar an cike gurbinsa. In bazara ta matsa mu kwaso tabarmi zuwa bakin titi, sauro ya karɓe mu. Banɗaki da kuɗi, wanka da kuɗi, ni da na taso inda in ka matsu sai ka zaga bayan gari. Da asuba kowa ya ja kurarsa. Jarka 12 ake jerawa, rawayen nan na man girki masu lita 25, a cika a rijiyar burtsatsen wani mai hali, a tura cikin lungu ana kauce wa kwata da yara da awaki. Famfuna suna nan a jikin bango, sun yi tsatsa, an mai da su maratayin tsumma. Daga bayan ƙyaure mace za ta ƙwala, "Mai ruwa!" Akwai gidajen da na daɗe ina cika wa randa ban taɓa ganin fuskar matar gidan ba. Muryarta na sani, da yawan bashinta.

A Maris na 2006 masu ƙidaya suka zo shagon, suka rubuta mu, suka shafa mana tawada a yatsa. Da sakamako ya fito aka ce jihar Kano mutum miliyan 9.4 ce, ta fi kowace jiha a Najeriya. Nijar ɗungurungum, a ƙidayar 2001, miliyan 11 ce. Yau in muna kukan Kano ta cika ta batse, nakan tuna tawadar nan. Ina cikin miliyan taran.

Jarka naira 10 ce a lokacin. Kar ka raina. Abin da ya riƙe mu a Kano canji ne: a waɗannan shekarun, da naira 300 kana sayen jikka guda ta sefa, har a maido maka da ɗan wani abu. Abin da na tara ya sayi buhunan hatsi, ya fanso gonar Baba da aka jinginar, ya biya sadaki. Duk wahalar da za a ba ka labari ta ɗan ci-rani, in canji yana bayansa zai shanye ta. Ban san canjin ne ke ɗauke da ni ba sai ranar da ya sake ni.

Da ƙirjina ya fara ciwo na sayar da kura na kafa teburin shayi a bakin titi. Na ɗauko mai ɗakina daga gida, muka kama ɗaki ɗaya a gidan haya mai ɗakuna a jere da banɗaki guda, inda layin asuba ke farawa tun kafin kiran salla. A nan aka haifi ɗan farina. Ba zan kama sunansa ba, ka san mu.

Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, bayan la'asar, ina hura gawayi. Ba a daɗe da gama zanga-zangar man fetur ba, wadda aka yi da lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141 kafin a maido ta 97, gari bai gama hucewa ba. Sai ƙasa ta girgiza. Gwangwanayen madara suka zubo daga tebur. Hedikwatar 'yan sanda ta Bompai ba ta da nisa da mu, hayaƙi baƙi ƙirin ya tashi daga can, harbi ya biyo ba ƙaƙƙautawa. Na bar tukunya a wuta na ruga. Na tarar mai ɗakina ta tura yaron ƙarƙashin gado ta tare bakin da jikinta. Haka muka kwana, da mu da maƙwabta, ba wanda ya kunna fitila, ba wanda ya yi tari. Fiye da mutum 180 aka kashe a Kano a yinin nan.

Abin da ya biyo baya ya fi daɗewa a jikina. Aka ce baƙi ne ke shigo da fitina. Aka shiga kwasar 'yan Nijar da 'yan Cadi, masu ruwa, masu gadi, masu wankin takalmi, ana loda su a mota zuwa iyaka. Kawu ya zaunar da ni ya ce, "Daga yau kai mutumin Daura ne. Harshenka zai wuce." Na haddace sunan wani ƙauye da ban taɓa takawa ba. Duk shingen da aka ce a sauka a tura babur ko a ɗaga hannu sama, ina tafe ina bitar sunan a zuci, gwiwa na kaɗawa. Shekara ta zagayo aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero hari, aka hana acaɓa ɗaukar fasinja, yaran garinmu da yawa suka rasa abin yi, adaidaita sahu ta cike titin da suka bari.

Daurar nan ta yi mini rana, ta kuma ja mini. Da Buhari ya ci zaɓe a 2015 sai ga ni ɗan garin shugaban ƙasa, ana ce mini "na Baba", har da masu neman in yi musu hanya. Da aka rufe iyaka a Agustan 2019 shinkafa ta yi tsada, su ɗin dai suka dawo suna cewa, "To ga aikin ɗan garinku." Na sha yabo na sha zagi a kan garin da mota kawai ta ratsa da ni ta cikinsa.

Teburin mai shayi a Kano majalisar dokoki ce da ba a biyan 'yan majalisarta albashi. Rediyo na rataye a ƙusa, da dare a kama Freedom a saurari Kowane Gauta, sojojin baka suna yi wa juna wankin babban bargo, masu shan shayi suna ƙarasawa. Tun da Kwankwaso ya dawo mulki a 2011 jar hula ta cika mini benci. Da suka raba gari da Ganduje a 2016 sai bencin ya dare biyu, ni a tsakiya ina sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, kowa ya juyo ya ce, "Mai shayi, faɗi gaskiya tsakaninka da Allah." In ce, "Gaskiyata sukari ya ƙara kuɗi." Akwai wani mai jar hula, tela, ba ya fashin Indomie da ƙwai biyu, ba ya kuma biya sai ya ga dama. "Rubuta," yake cewa, "ranar da gwamnatinmu ta dawo, har da riba." Na rubuta. Shafinsa ya fi na kowa tsawo.

A Maris na 2019 siyasar ta taso daga rediyo ta zo ƙofar ɗakina. Ranar 9 ga wata aka yi zaɓen gwamna, Abba Kabir Yusuf, ɗan takarar masu jar hula, yana gaban Ganduje da ƙuri'a dubu 26 da ɗoriya, aka soke sakamakon mazaɓarmu ta Gama da na wasu wurare, aka ce zaɓe bai kammala ba, sai 23 ga wata. A makonni biyun nan Gama ta ga abin da ba ta gani ba tun zuwana. Aka kwashe bolar da na sani tun ina tura kura. Aka kawo injin haƙa rijiya, ana gyaran titi har cikin dare. 'Yan garuwa suka jingine kura suna kallon injin, ɗaya ya ce, "Ashe da mu ake takarar, mu za a kayar."

Ranar zaɓen, tun asuba, fuskokin da ban taɓa gani ba suka cika unguwa. Matasa ne, da gora da adda da wuƙa a fili, ido jajur. Ban fitar da tebur ba. Ta ramin ƙyaure na ga wata tsohuwa maƙwabciyarmu, katinta ƙulle a bakin zane, ta fita a hankali, ta dawo da sauri, ba ta jefa ba. Washegari aka ce Ganduje ya ci da ratar da ba ta kai dubu 9 ba. Ni ba ni da kati, ban taɓa yi ba, ko da yake duk zaɓe sai an ce 'yan Nijar ake kwasowa su dangwala. Amma da dare tela ya zo, ya cire hularsa ya ajiye a benci, ya yi kuka da hawaye, sai na ji maƙogwarona ya shaƙe. A lokacin na ɗauka tausayinsa nake ji. Ashe unguwar ce ke mini ciwo, na riga na fara ce mata tawa ban lura ba.

Sauran ka ji su: an raba masarauta biyar a 2019, an sauke Sarki Sanusi a Maris na 2020 an naɗa Aminu Ado Bayero, a Mayun 2024 an maido Sanusi, aka wayi gari da sarki biyu, ɗaya a Gidan Rumfa ɗaya a gidan Nasarawa. A bencina abokan ƙuruciya suka daina gaisawa. Duk wannan an saba, cunkoso ma an saba. Abin da ya kore ni lissafi ne.

Da canjin kuɗi ya fara, a farkon 2023. Tsofaffin takardun naira kowa na gudunsu, sababbi babu. Mutum ya sha shayi ya ce zai yi taransifa, ni kuwa ba ni da asusu, don ba ni da takardar da ake buɗe shi da ita. Sai a tura wa wani mai shago, in bi shi ina roƙon kuɗina, shi ma sai ya je ya sayi naira da naira a wurin mai POS. Ranar 29 ga Mayu sabon shugaban ƙasa Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin mako ya zagayo lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, komai ya bi ta: fulawa, sukari, madara, ƙwai, kuɗin adaidaita. Burodi ya ƙanƙance. Masu cewa a haɗa musu da kauri suka koma ruwan bunu, masu ƙwai biyu suka koma ɗaya, masu ɗaya suka koma zuwa hira. A farkon 2024 mata masu gurasa suka fito titi saboda tsadar fulawa. A gidan hayarmu aka fara dafa afafata, tsakin shinkafar da a da kifi ake zuba wa. Ka ji tsakuwa a haƙori ka haɗiye, don yara na kallonka. Jarkar da na fara sayarwa naira 10 na saye ta 100 da hannuna, daga wani yaro ɗan Korgom da ya tsaya yana ba ni haƙuri. Mai gida ya ninka haya, ya ce in ba za mu iya ba akwai masu jira. Da gaske kuwa akwai.

Ana cikin haka, ranar 26 ga Yulin 2023, sojoji suka kifar da Bazoum a Yamai. ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, aka fara maganar yaƙi. Inna tana Hawandawaki, 'ya'yana suna Gama, kuma in an tashi, garuruwan bakin iyaka irin namu ne a gaba. Barci ya ƙaurace mini. A nan Kanawa suka nuna mini halin girma. Ashe duk sun san ni ba ɗan Daura ba ne, sun dai bar ni da ƙaryata. Limamin masallacinmu ya yi alƙunutu, matasa suka fito titi suna cewa ba su yarda a yaƙi Nijar ba, Sanusi ya je Yamai ya gana da jagoran sojojin, Janar Tiani, malamai suka bi baya. Tela ya dafa kafaɗata ya ce, "Mai shayi, wa zai harbi wa? Kakata 'yar Tasawa ce." Ranar ma bai biya ba.

An buɗe iyaka a Maris na 2024, amma naira ta riga ta zube. Jikkar da nake saye 300 ta haura naira 2,000. In tara ribar wata guda in kai wa ɗan canji, ya miƙo mini abin da ba zai sayi buhun hatsi ba. Ƙanena ya kira ya ce, "Yaya, in dai wannan ne bar shi, mu za mu riƙa aiko maka." Wasa yake, amma na kwana da maganar.

Ranar 1 ga Agustan 2024 aka fito zanga-zangar tsadar rayuwa. Kafin azahar ta rikiɗe, aka fasa wurare, aka yi harbi, aka sa dokar hana fita. Ɗan farina, yana shekara goma sha biyar, ya sulale tun safe. Uwarsa ta tsaya a bakin ƙofa da mayafi a hannu, ba ta shiga ba ta fita. Na bi lungu-lungu ina tambaya, barkonon tsohuwa na cin idona, ina jin nauyin kiran sunansa a bainar jama'a, har dai na kira. Na kira da ƙarfi. Bayan magariba ya shigo da takalmi wari ɗaya, ido a kumbure, yana cewa, "Baba, ai ƙasarmu ce." Ban mare shi ba. Me zan ce? A nan aka yanke cibiyarsa. Bayan 'yan kwanaki tutocin Rasha suka bayyana a titi, aka kama har telolin da suka ɗinka, ido ya sake komawa kan baƙi, don a Yamai aka fara ganin irin tutar. Wancan karon ni kaɗai nake haddar sunan ƙauye. Wannan karon da yaro mai zafin kai a hannuna. Na sayar da tebur da benci da tukunya, na ɗauki rediyo da littafin bashi.

Muka iso gida gero ya fitar da kai. A Nuwamba muka ji an kai yaran da aka kama a zanga-zangar kotu a Abuja, wasu sun zube a gaban alƙali don galabaita, kafin a sake su. Uwar ɗan farina ta shiga ɗaki ta yi sujada.

To ga abin da ba ma faɗa. Cunkoson da na baro a lungu na tarar da shi a gona. Ban da Yamai, babu jihar da mutane suka matsu a kan ƙasa kamar Maraɗi. Gonar da Baba ya noma shi kaɗai, har yana barin wani sashe ya huta, yau an yanyanka ta tsakanin 'ya'ya da jikoki, ba saura, ba hutu, burtali ma an ci gefensa. Rabona ba ya kai mu bazara. Tsada kuwa ta riga ni isowa. Yawancin kayan kasuwarmu daga Kano suke zuwa, taki, atamfa, robobi, magani, kuma man da 'yan ruwa-ruwa ke sayarwa a kwalba da araha ya tafi tare da tallafin Najeriya.

Siyasa ce kaɗai ban tarar ba. An dakatar da jam'iyyu bayan juyin mulki, an rusa zaɓaɓɓun majalisun garuruwa a Afrilun 2024 an naɗa masu riƙo, a Maris na 2025 aka rusa jam'iyyun gaba ɗaya. An rufe RFI, BBC ma an dakatar da ita a ƙarshen 2024. Wasu sun ce an huta, kuma na fahimce su, don na ga adda a hannun yaro ranar zaɓe. Amma ka zauna a majalisarmu ka kasa kunne. In aka kawo zancen Kano murya tana tashi, a kama sunan gwamna da na sarki da na shugaban ƙasa a yi musu tatas, ana dariya ana tafawa. In wani ya ce, "To mu nan fa?" sai kowa ya dubi hanya, a ce Allah ya ba mu damana mai albarka. Rabin zagin da muke wa Kano, zagin da ba mu da inda za mu kai shi ne. Sauran rabin kewa ce. Wayoyinmu cike suke da muryoyin sojojin baka da ake turo mana ta WhatsApp, mun san rikicin Gidan Rumfa fiye da abin da ake yankewa a Tasawa.

Yaron bai zauna ba. Ya yi noma, hannunsa ya yi kanta, 'yan uwansa suna kiransa Bakano suna kwaikwayon maganarsa. Bokon da ya yi da Turancin Ingila ne, lakwal ɗinmu kuwa da Faransanci take aiki. Bayan girbi ya same ni ya durƙusa ya ce, "Baba, zan koma." Na karanta masa duka ukun, da misali da farashi, ban rage komai ba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To Baba, me zan yi a nan da rani?" Ba ni da amsa.

Na ce ya bi ta Daura. Kar ya sa hular da za a ce ta wani ce. In an tambaye shi wane sarki yake bi, ya ce Allah ya ja zamanin sarki, kar ya kama suna. Abin da ya samu ya canza shi sefa a ranar, kar naira ta kwana a aljihunsa. Magariba ta same shi a ɗaki, waya a cikin wando, saboda masu ƙwace. Sannan na yage shafi ɗaya daga littafin na ba shi. Gwamnatin da tela ke jira ta hau tun Mayun 2023, Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita a Janairun 2024, ni ban ga ko sisi ba. Na ce, "Ka gaishe shi da kyau, ka tambayi iyalinsa. Ka ce masa mai shayi ya ce ribar ya yafe. Uwar kuɗin kuwa yana jira, kuma a sefa."